Akushin Bunu Gardi

"Ba zan ƙara ba," in ji Tani. "Na rantse ba zan ƙara ba. In surfa, in daka, in tuƙa, akushi ya fita ya sha iska ya dawo mini yadda ya tafi?"

"Rage murya."

"In rage don wa? Akwai wanda bai sani ba a Dungas? Jiya matar yayanka ta tare ni a rijiya, wai ko miyata ce ba gishiri."

Bunu ya ajiye akushin a bakin ɗaki. Bai buɗe ba. Ya san abin da ke ciki: malmala uku, da gurbin yatsunsa shi kaɗai a gefen guda.

"Gobe ma ki tuƙa," ya ce.

"Malam, ka ci a gida. Ni da kai. Wa zai hana?"

"Namiji ba ya ci a cikin gida sai in ba shi da lafiya."

"To kai lafiyar gare ka?"

Hannunsa ya tashi da kansa, irin tashin da ya saba. Tani ta dubi hannun, ba ta matsa ba. Ya sauke shi, ya shige ɗaki.

A unguwarsu maza ba sa ci a rarrabe. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa ƙofar gidan Sambo, dattijon unguwa, a jera su a gaban tabarma. Sambo ke buɗewa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe kowa ya sa hannu, in ya ƙare ya jawo na gaba. Ciyayya ke nan. Mai miyar nama da mai miyar kuka tsura, a nan duk ɗaya suke.

Watan Bunu huɗu da dawowa. Shekara goma sha biyu ya yi yana gardi, wato dogarin Nasara, a barikin Magarya, da jar hula da dorina. Da Nasara suka soke aikin tilas aka rage masu jar hula, aka sallame shi, ya tattaro matarsa ya dawo gidan ubansa. Babu ɗa, babu jika.

Ba wanda ya kore shi daga ciyayya. Da korarsa suka yi da ya fi masa. Ana amsa sallamarsa, ana matsa masa wuri. Sambo ya buɗe na wannan, ya buɗe na wancan, in ya zo kan na Bunu sai hannunsa ya tsallake. In Bunu ya sa hannu a na wani, sai sauran hannuwa su janye ɗaya-ɗaya, a ce alhamdu lillahi, an ƙoshi. Har da Ɗalha, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya daina. Yakan jawo nasa ya yi loma biyu, ya rufe, ya zauna yana jin hirar da ba da shi ake ba.

Kowa ya san dalili. Shekara shida da suka wuce kumandan, Baturen da ke mulkin bariki, ya nemi mutum ashirin daga Dungas don aikin hanyar mota. Bunu ne ya zo da igiya. Cikin waɗanda ya ɗaura har da Mamadu, ɗan Sambo namiji tilo. Sauran sun dawo bayan kaka. Mamadu bai dawo ba. Bariki ta aiko cewa ya gudu ƙasar Ingilishi.

Washegarin faɗan Tani ta tuƙa. Da aka watse daga ciyayya Bunu bai yi gida ba. Ya zaga bayan gari, wajen ramin da ake haƙar ƙasar gini, ya tsuguna ya buɗe akushin. Gara karnuka su ci, Tani ta ga an cinye.

"Malam, me tuwon nan ya yi maka?"

Ya waiwaya. Wani gajeren mutum ne da wandon kaki, riƙe da guga. Ya gane shi: Isufu, ɗan mishan. Asalinsa Bamaguje ne daga wajen Kano. Turawan mishan suka kawo shi bara suka ajiye shi a wata bukka nan bayan gari, yana wanke gyambo, yana naɗe kurkunu a tsinke. Baturen da ya kawo shi sai wata-wata yake leƙowa daga Damagaram. Da safe mutane kan cika ƙofarsa. Da rana ta yi sanyi ba mai bi ta wurin.

"Na karnuka ne," in ji Bunu.

"To ai ni ma nan bayan gari nake kwana. Ka sa ni cikinsu."

Bunu bai yi dariya ba, amma bai zubar ba. Isufu ya shimfiɗa buzu a ƙofar bukka, ya kawo ruwa suka wanke hannu. Ya rufe ido.

"Ya Uba, mun gode maka don tuwon nan, da wadda ta tuƙa shi, da wanda ya kawo shi, ko da yake ba ni ya nufa ba. Amin."

Ya sa hannu. Daidai gurbin yatsun Bunu ya gutsura. Bunu ya tsaya yana kallon hannun yana shiga yana fita, baƙi, duk tabon magani.

"Ka san ko ni wa ne?"

"Bunu gardi. In na tuɓe wa mutum riga da safe na ga tsohon tabo a bayansa, sau da yawa sunanka yake kira."

"Kuma kake ci?"

"Yunwa nake ji. Wata goma sha huɗu ina cin dafaffen wake ni kaɗai." Ya kai wata loma. "Kuma Almasihun da nake bi da irinku ya riƙa ci, har manyan gari suka zage shi. Ci mana, za ka bar ni in ji kunya."

Suka cinye. Isufu ya siɗe miyar da yatsa.

Da Tani ta ɗaga marfin ta ga ba komai, ta dubi mijinta. Ya bar ta tana zaton a ciyayya aka cinye. Kwana uku kawai ƙaryar ta yi. Rana ta huɗu tana miƙa masa akushin ta ce, "Na ji inda yake zuwa."

Ya karɓi akushin.

"Mutumin yana cinyewa?" ta ce.

"Har ya siɗe."

"To." Ta karɓe akushin ta koma madafa, ta ƙara ludayin miya ɗaya.

Haka aka shiga bazara. Ya daina tsayawa ƙofar Sambo, kai tsaye yake wucewa bayan gari. Ba su da hira mai yawa. Isufu ya ba shi labarin matarsa da ta ƙi biyo shi ƙasar Faransi, da ƙwaryarsa da mata ke turewa gefe da ƙafa a bakin rijiya. Bunu ya koya masa yadda ake gane kumandan ya tashi da fushi tun daga tarinsa. Ran Lahadi mutum huɗu kan taru a gindin gawon da ke kusa da bukkar, su yi waƙa, Isufu ya yi musu karatu. Bunu kan zauna nesa, a kan wani kututture, kamar mai jiran wani.

"Gardi, matso," in ji Ƙande, wata tsohuwa makauniya da ke cikinsu. "Ina jin numfashinka. Mu duk muryar awaki gare mu, zo ka rufa mana asiri."

"Ni ba naku ba ne, Inna."

"Wa ya tambaye ka? Inuwa ce, ba ta kowa ba ce."

Ya matso. Bai yi waƙar ba. Amma da aka tashi Ƙande ta laluba ta kama hannun rigarsa ta ce ya raka ta gida, ya raka ta. Lahadin da ta biyo ma haka.

Ranar da aka yi ruwan fari, ƙasa na ƙamshi, suna tsakiyar ci Bunu ya cire hannunsa.

"Mamadu bai gudu ba."

Isufu ya daina tauna.

"Kusa da Bande ne. Ciwon ciki ya kama shi a wurin aikin, kwana uku. Ya kwanta ya ce ba ya iya ɗaukar kwando. Na ce ƙarya yake. Na sa masa dorina har ya tashi. Ya ɗauki kwando biyu, ya faɗi a na uku. Kafin la'asar ya cika." Muryarsa ba ta canja ba. "Shugaban aiki ya ce in an rubuta mutuwa kumandan zai yi tambaya. Aka rubuta ya gudu. Sauran mutanen Dungas suna can gaba wajen fasa dutse, ba su gani ba. Ni da wani muka rufe shi a gindin wata kuka mai tsagaggen ciki. Ba wanka, ba salla."

Isufu ya goge hannunsa a ƙafa.

"Ba zan ce maka ba komai ba. Babban abu ne."

"Allahn naka yana yafe irin wannan?"

"Yana yafewa. Don irin wannan ya zo. Amma ka ji, Malam Bunu. Tsohon nan duk ayarin da ya sauka a kasuwa sai ya je ya tambaya ko sun ga ɗansa. Ni ma ranar da na iso garin nan, da ya ji bakina na Kano ne, har nan ya zo da sandarsa. Ya kwatanta mini shi. Dogo, da wushirya."

"Me ka ce masa?"

"Na ce Kano babba ce." Isufu ya sunkuyar da kai. "Ka je ka faɗa masa."

"Zai tsine mini."

"Wataƙila."

"Zai iya kai ni bariki."

"Barikin da ta rubuta ya gudu? Ka je. Ni zan roƙa maka."

Ya rufe ido a nan take, ya ambaci sunan Bunu, ya ambaci Sambo, ya ambaci Mamadu. Shekara shida Bunu bai ji wani ya kira sunan yaron a gabansa ba. Ya tashi ya tafi bai ɗauki akushin ba.

Kwana tara ya yi yana ɗagawa. A na goma ya sami Sambo a gona da hantsi, shi kaɗai, yana bin layin shuka yana cike gurbin da bai tsiro ba. Bunu ya tsuguna ya faɗa masa. Bai rage dorinar ba, bai rage kwandunan ba.

Sambo ya dogara da sungumi. Tsabar geron da ke hannunsa ta riƙa zuba ta tsakanin yatsu.

"Kun fuskantar da shi gabas?"

Bunu ya so ya ce e.

"Ban sani ba, Baba. Sauri muke."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Za ka kai ni."

Kwana uku suka yi a hanya, Sambo a kan jaki, Bunu a ƙasa. In sun sauka kowa ya kwance gumbarsa ya dama, su ba juna baya. Kukar tana nan. Hanyar motar ta wuce ta gefenta, ja, shimfiɗe, ba kowa a kanta. Bunu ya nuna wurin da ƙafa, sai ya ji kunya ya nuna da hannu. Ba tudu, ba alama, sai ƙaya. Sambo ya cire ƙayar da hannunsa, ya zauna, ya yi addu'a har inuwa ta juya. Da suka dawo Dungas aka yi sadaka. Matar Mamadu, wadda ta shekara shida ba aure ba saki, ta shiga takaba.

Bayan sadakar da kwana biyu Ɗalha ya yi sallama a gidan ƙanensa, karo na farko tun dawowarsa. Bai zauna ba.

"Baba Sambo ya ce ka fito da akushinka yau. Zai buɗe."

Tani da ke tankaɗe ta ajiye rariya.

"Sai dai abu ɗaya," in ji Ɗalha. "Bayan gari. Ka bar zuwa. Hannun da ke shiga kwano ɗaya da ɗan mishan ba zai shiga namu ba."

"Yaya, shi ya ce in je in faɗa."

"Allah ya saka masa. Magani ma muna karɓa a wurinsa. Ci dabam ne."

"Baba Sambo ne ya faɗi wannan?"

"Unguwa ce ta faɗa. Kai dai ka cika taurin kai tun kana yaro. An buɗe maka ƙofa, ka shiga kawai."

Da la'asar Bunu ya je ya gaya wa Isufu. Ya same shi yana tafasa tsummokaran ɗaurin gyambo.

"Madalla!" in ji Isufu. "Ai abin da muke roƙo ke nan. Ka je."

"Kai fa?"

"Ni? Wake ya yi kewata. Ka je, Malam Bunu, kada tsoho ya jira. Ka gaida mini uwargida, ka ce miyarta ta yi mini rana."

Yana murmushi ya faɗa. Yana ta juya tsummokaran da itace, bai ɗago ba.

A ciyayya Sambo ya buɗe na Ɗalha, aka cinye. Ya buɗe na wani. Na uku ya jawo na Bunu. Ya ɗaga marfin, ya yi bismilla, ya gutsura, ya kai baki. Loma ɗaya ya yi. Ta isa. Hannuwa suka biyo baya, guda takwas, akushin ya tashi fes. Wani ya ce Tani ta iya daddawa. Wani ya tambayi Bunu ko gaske ne kumandan da cokali mai yatsu yake cin shinkafa, aka yi dariya. Bunu ya ba da amsa. 

Abin da yake nema ne, kuma ya samu. Bai yi ƙaryar jin daɗi ba, daɗin yake ji. Aka kira shi gayyar noman Ɗalha. Aka kira shi suna. Ran Lahadi ya wuce gona tun da sassafe ta hanyar da ba ta bi ta gawon ba. Ƙande ta aiko a tambaya ko ba shi da lafiya. Ya ce a ce mata aiki ne.

Sati uku bai leƙa bayan gari ba.

Wata rana akuyarsu ta tsinke igiya, ya bi sawunta har ramin ƙasar gini. Rana ta kusa faɗuwa. Daga inda yake yana hango bayan bukkar. Isufu na can. A tsaye yake, tukunya a hannun hagu, fuskarsa ga zana, yana ɗiba yana turawa baki da sauri kamar mai shan magani. Ba buzu, ba ruwan wanke hannu. Wandon kakin ya yi masa yawa, ya ɗaure shi da igiyar rama. Da ya gama ya tsaya haka nan da tukunyar, yana kallon zanar.

Bunu ya san wannan tsayuwar. Ya bar akuyar ya koma gida.

"Gobe akushi biyu," ya ce wa Tani.

Ta dube shi. "Malam, kwana nawa ke nan da aka fara gaishe ni a rijiya?"

"Na sani."

"Ka sani." Ta juya ta ci gaba da wanke-wanke. Can ta ce, ba ta waiwayo ba, "Akushin aro zan karɓo wurin maƙwabta, ko ƙwarya ta isa?"

"Akushi."

Da Bunu ya ce ya biyo shi ciyayya, Isufu ya ƙi. Ya ce ƙafarsa na ciwo, ya ce yana da tsummokaran da zai shanya, daga baya ya bar zagaye-zagaye.

"Za ka zubar da abin da ka sha wuya ka samu. Ni na saba. Ba ni kaɗai nake ba, Ubangiji na nan."

"Na ga yadda kuke ci kai da shi. A tsaye."

Isufu ya juya wajen tsummokaransa.

"Kai ka tura ni gonar Sambo," in ji Bunu. "Ban so ba, na je. Sa rigarka."

Suka ratsa gari, Bunu a gaba da akushi biyu, ɗaya kan ɗaya, Isufu a baya cikin farar rigar da yake sawa ran Lahadi. Mata suka leƙo ta kan danga. An fito daga masallaci, maza sun jeru a tabarma, ana zagayawa da ƙwaryar wanke hannu.

"Salamu alaikum," in ji Bunu. "Na yi baƙo."

Amsar ta fito rabi. A unguwar in magidanci ya zo ciyayya da baƙo, kusa da dattijo ake zaunar da shi, kuma akushin da aka tuƙa dominsa shi ake fara buɗewa. Ba a taɓa mai da baƙo daga tabarmar nan ba. Ba a kuma taɓa kawo irin wannan ba.

"Bunu," in ji Ɗalha a hankali. "Bunu, kana da hankali kuwa?"

Bunu ya ajiye nasa a cikin jeri. Ya ajiye na biyun a gaban Sambo. Ya nuna wa Isufu wuri. Isufu ya tuɓe takalmi, ya zauna a ɗan bakin tabarmar, rabin jikinsa a ƙasa, ya ce, "Baba, barka da yamma." Wanda ke kusa da shi ya tattare rigarsa. Wani ya miƙa hannu ya dafa marfin akushinsa, kamar mai shirin tashi, amma bai tashi ba.

Sambo ya riga ya wanke hannu. Ruwa na ɗiga daga yatsunsa a kan gwiwarsa. Ya dubi Isufu, ya daɗe. Ya dubi akushin da ke gabansa, ya dubi sauran da ke jere. Ba wanda ya yi tari. Tuwo na hucewa.

Bunu ya tsuguna a gabansa, hannuwansa biyu a ƙasa.

"Baba, wanne za a fara buɗewa?"